Ɗakin da Munkaila Ya Gina

Dumega, 28 ga Disamba

Zuwa ga yayana Munkaila, malamin fizik a kwalejin Gure.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da 'yan makarantarka. Mu nan lafiya lau. Inna lafiya, sai gwiwar nan da ka sani. Kawu Dauda yana gaishe ka. Maigidana ya tafi ci-rani tun da aka gama shigar da hatsi, kuma ya tafi da wayar, saboda haka ka shirya karanta rubutun 'yar karatun manya. In ka ga harafi ya karkace kada ka ɗauko jan bironka, ni ba ɗalibarka ba ce. Wayar Kawu tana nan, amma ka san halinta, in ka kira mutum goma ne ke saurare. Zan riƙa kai takarda wurin Zakariya mai shago a tashar Kore Mairuwa, shi kuma ya ba direban motar gabas.

To, albishirinka: ɗakin Inna ya ƙare. An rushe tsohon ɗakin ciyawar, an ɗora sabo a gurbinsa yadda ka ce, bulon siminti, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya, da kwano sabo fil. Yaya, in rana ta ɗaga ba ka iya kallonsa. Tun daga hanyar kasuwa ake hango shi. Kawu ya sa an sare bishiyar bedin da ke bayan ɗakin, wai ganye yana sa kwano tsatsa. Rufin ciki kuwa, ya ce kai ka ce a bari sai ka zo babban hutu.

Na san abin da kake jira. Ba ta ce komai ba. Ranar da aka shigar da kayanta ta tsaya bakin ƙofa, ta shafa bango, ta dubi sama, ta shiga ta zauna kan gado. Matan unguwa suka yi ta sa maka albarka, ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar ba zancen ɗanta ake ba. Kai ɗan fari ne, ka san kunya ba za ta bar ta ta yabe ka ba, balle ta kama sunanka. Har gobe "mutumen Gure" kake.

Abu ɗaya dai, ɗakin akwai sanyi. Da safe in ka taɓa ƙofar sai ka janye hannu. Kullum tana shiga da kaskon garwashi. Kai da ka karanta zafi da sanyi, faɗa mini dalili, don tsohon ɗakin bai yi haka ba.

Ƙanwarka,
Lantana


Gure, 14 ga Janairu

Lantana ƙanwata,

Takardarki ta iso ni ina lafiya. Na karanta ta sau uku ban taɓa jan biro ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi a wuri biyu. Ki gaida Kawu, ki yi masa godiyar tsayawa a kan aiki. Allah ya sawwaƙe gwiwar Inna.

Kin tambayi malami, sai ki yi haƙuri da tsawon amsa. Abin da nake fara gaya wa 'yan ajina shi ne, sanyi ba wani abu ba ne da ke shigowa. Zafi ne ke fita. Kullum zafi yana barin inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi kaɗan, kuma ba ya tsayawa sai wuraren biyu sun daidaita. Da kika taɓa ƙofar nan, ɗumin hannunki ne ya zube cikin ƙarfen, shi ne kika ji kamar ta cije ki. Ki gwada: ki tsoma cokalin ƙarfe da ludayin duma cikin kunu mai zafi, ki ɗan jira, ki kama kowanne. Cokalin zai ƙone ki, ludayin ko a jikinsa. Kunun ɗaya ne, amma ƙarfe yana ba zafi hanya, duma yana tare shi. Ciyawa da laka dangin ludayi ne, kwano dangin cokali. Shi ya sa ɗumin ɗakin yake tserewa ta sama. Ɗari ai na wata biyu ne, zai wuce. Na ba direba bargo a kai mata. Garwashin kuma kada ta rufe ƙofa da taga a kansa, yana ɓata iskar ɗaki.

Kin ce ta shafa bango. Ta daɗe tana shafawa? Kada ki yi mini dariya. Shekarata talatin da huɗu, Lantana. Ina shekara shida aka kai ni Dogon Dutsi wurin Goggo don in shiga lakwal, makarantar boko, kuma tun daga nan in na zo hutu sai Inna ta ajiye mini fura ta juya baya. Na san al'ada ce, ban ce ba ta sona ba. Amma ina kishinki, gara in faɗa. Ke tana kiran ki sau ashirin a wuni, ko da don ta yi miki faɗa ne. Daminar bara da na ga ruwa yana ɗiga mata a kan gado, na ce ko ba za ta yi mini magana ba, zan yi mata abin da ido zai gani.

Ki sa kunne. In ta ce wani abu a kan ɗakin, ko kalma ɗaya ce, ki rubuto mini ita yadda ta fito.

Yayanki,
Munkaila


Dumega, 3 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ina wannan rubutu a ɗakin Inna, tana zaune kusa da ni, kuma ta ce in na gama in karanta mata kafin in liƙe.

Bargo ya iso, ta ninke shi ta sa ƙarƙashin matashi. Ɗari ya tafi, zafi ya fara da wuri bana. Na gwada cokali da ludayi, da gaskiyarka, har yau yatsana yana tuna ka. Da na karanta mata wannan wurin sai ta ce, "Shi wanga abu har sai an tahi lakwal?" Ka ga ta yi magana, ko da ba irin wadda kake so ba ce.

Inna ba ta fita ɗakin. Da hantsi tana ciki, da azahar tana ciki, da la'asar tana ciki. Ka san ta a da, rana na ɗagawa take jan tabarma gindin bedi. Yanzu ba bedin, rumfar tsakar gida kuma ta ce ba ta zama. Mata suna zuwa ganin ɗaki har daga ƙauyuka, a ciki take karɓarsu. Ba sa daɗewa. Randar ruwa ma ta sa an shigar mata da ita.

Azumi saura mako guda. Ka yi tunanin rufin cikin nan in da hali.

Ta ce a gaida mutanen Gure.

Lantana


Gure, 16 ga Maris

Lantana,

Barkanmu da shan ruwa. Ina lafiya, sai aiki da ya taso mu gaba, jarrabawar birebe ta kusa kuma 'yan ajina har yanzu ba su raba zafi da ma'aunin zafi. Jiya na tambaye su, kofin ruwa mai tafasa da babbar tukunyar ruwa mai ɗumi, wanne zai fi daɗewa bai huce ba? Rabin aji suka ce kofi. Allah ya ba ni haƙuri.

Takardarki ta sa ni hawaye a ɗakin malamai, har wani ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, farin ciki ne. Inna ba ta fita ɗakin! Hantsi, azahar, la'asar! Lantana, ban taɓa ba ta abu ta riƙe shi haka ba. Zanen da na kai mata bara ke ta ba, takalmin ta ba Goggo. Wannan kuwa ta zauna cikinsa. Na gode da kika rubuta mini shi filla-filla, na san don ki faranta mini kika yi.

Rufin ciki yana raina. Ana rufe lakwal zan zo in tsaya a kansa da kaina, don ba na so a yi mata aikin gaggawa. Wata uku ne kawai.

Ki ce mutanen Gure sun amsa.

Munkaila


Dumega, 27 ga Maris

Yaya,

Wannan a gidana nake rubuta ta, Inna ba ta sani ba. Ba ni da doguwar gaisuwa yau. Inna ba lafiya.

Wallahi da na karanta amsarka sai da na jefar da ita ƙasa. Kai ne malami, kai ne mai cokali da ludayi, na rubuta maka cewa tsohuwa tana wuni ƙarƙashin kwano a watan Maris, ka ce farin ciki? Tana zaune a gefena, me kake so in rubuta?

To ga shi ba rufa-rufa. Ɗakin nan da azahar ba ya shiguwa. Man shanun da na ajiye mata ya zama ruwa. Kyandir ya lanƙwashe a kan taga ba wanda ya kunna shi. Ruwan randa ya koma kamar na wankan jego. Ni da ƙuruciyata, in na yi minti goma a ciki sai kaina ya riƙa sarawa. Ita kuwa tana ciki, da azumi a bakinta. Leɓenta ya tsage. Shekaranjiya ta kira ni da sunan ƙanwarta Maimunatu da ta rasu tun ina goye. Na taɓa wuyanta, zafi zau, kuma ba gumi ko ɗigo. Na kai ta likita, majo, wato malamin asibiti, ya ƙara mata ruwa, ya ce ta ajiye azumi, kuma kada ta ƙara wuni a ɗakin kwano. Ta ce to. Muna dawowa ta shige.

Na durƙusa na roƙe ta. Ka ce in rubuto maka maganarta yadda ta fito, to ga ta: "In na hita na zamna rumhwa, mi mutane za su cewa? Su ce ɗakin bai zamnuwa. Yaro ya ɗebe ƙarhinai ya yi abu, ni in kunyata shi gaban gari?"

Ka ji. Ba daɗin ɗakin ya zaunar da ita ba, kai ne. Kawu ƙaninta ne, ba ya iya tsawata mata, kuma shi ma ba ya son a ce aikin da ya tsaya a kai yana da aibi. Kai kaɗai za ka ce ta fita ta fita. Ka yi magana da wuri.

Lantana


Gure, 12 ga Afrilu

Lantana,

Yau Juma'a takardarki ta zo hannuna, kwana goma sha shida bayan kin rubuta ta. Direba ya ce Zakariya ya rufe shago ya tafi garinsu, sai bayan salla ya buɗe. Na kira Kawu tun ban gama karantawa ba. Ya ce jikin da sauƙi, amma muryarsa ba ta yi mini ba. Na ce masa gobe-gobe a ɗora zana.

Kin yi daidai da kika jefar da takardata. Ni da hannuna na rubuta miki cewa kwano yana ba zafi hanya, ban tsaya na tambayi kaina ba, hanyar da zafi ya bi ya fita a watan ɗari, me zai hana shi biyo ta ya shigo a bazara? Ɗan aji biyu zai amsa wannan. Ni idona yana kan ƙyallin da za a hango daga hanyar kasuwa.

Ki karanta mata wannan duka, kada ki tsallake ko layi. Da rana tsaka kwanon nan yana iya haura digiri sittin. Zafin yana ratsa shi nan take, don ƙarfe ne kuma ba kauri. Daga nan sai ya riƙa huci zuwa ƙasa, kamar yadda kike jin garwashi a fuska ba ki taɓa shi ba. Wanda ke kan gado kasko ne aka kifa masa a sama. Iskar da ta yi zafi kuma sama take hawa, kamar hayaƙi. A tsohon ɗakin tana silalewa ta cikin ciyawa, a wannan ba ta da mafita, sai ta taru ta cika ɗakin. Bedin da aka sare shi ne yake tare rabin ranar.

Jikin mutum irin randa ne, da gumi yake sanyaya kansa. Ruwan da ya tsattsafo, in iska ta ɗauke shi, da zafi yake tafiya. Shi ya sa randar ta daina sanyi da aka kai ta inda iska ba ta kaɗawa. Tsoho kuma guminsa kaɗan ne, ba ya ma jin ƙishirwa da wuri. In jiki ya yi zafi gumi ya ɗauke, abin ya kai inda ake tsoro.

A shimfiɗa itace a kan kwanon, a ɗora zana biyu a kai, a bar fili tsakani. A fasa bulo biyu can sama kusa da rufi. Daga hantsi zuwa la'asar ta zauna rumfa, a jiƙa zane a lulluɓa mata, a yi mata fifita, ta riƙa kurɓar ruwa ko ba ta so. Direkta ya ba ni izini daga ashirin ga wata, ina tafe.

Inna, ni ne nake magana. Ɗakin nan ni na yi kuskurensa. In kin fita ba ki kunyata ni ba. Don Allah ki fita.

Munkaila


Dumega, 6 ga Mayu

Yaya,

Ina fatan ka isa Gure lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. 'Yan gaisuwa sun ragu, Kawu ya soma fita kasuwa.

Kwana bakwai ka yi a nan ban yi maka maganar kirki ba. Ka iso an riga an rufe ta, ka zauna cikin maza kana amsa gaisuwa, ni kuma ina kawo abinci ina ajiyewa ina juya baya, kamar yadda take yi maka. Fushi nake. Da takardata ta yi mako biyu ba amsa, na ɗauka kai ne ka ji haushin maganata ka yi shiru, ni ma na ƙi ɗaukar wayar Kawu in kira ka. Wannan nawa laifin ne, zan tafi da shi. Akwai abin da na riƙe ban faɗa maka ba, kuma na ga ba ni da ikon riƙe shi.

Ranar Asabar, washegarin da ka kira shi, Kawu ya kawo zana kamar yadda ka ce. An jingina tsani ke nan sai ga ta a bakin ƙofa, tana dafe da bango. Ta ce, "Wa za shi ruhe min kwano? Ku bar shi a gane shi." Kawu ya sauke tsaninsa.

Ranar Laraba takardarka ta zo. Na karanta mata duka, har layin ƙarshe. Ta saurara ido a rufe. Da na gama ta ce, "Ya iya karatu. Amma ai na sani. Shekara nawa ina naɗa ma randa jiƙaƙƙen buhu?" Na ce, Inna, kin sani, to me ya zaunar da ke? Can ta ce, "Mi gare ni da zan ba shi? Bakina bai iya ce mishi na gode. Zaman ga shi ag godiyata."

Duk da haka maganarka ta shige ta. Ta yarda a sa zanar daga ciki, ƙarƙashin kwano, inda ba ta rufe shi ga masu wucewa, kuma ta ce ranar da za a yi aikin za ta wuni rumfa. Kawu ya ce Juma'a, in ya samo itace.

Alhamis da azahar na zo da kunu na tarar da ita a ƙasa gefen gado. Na yi kururuwa, mata suka taru, muka ɗauko ta zuwa rumfa. Muka jiƙa zane, muka yi ta fifita yadda ka rubuta, Kawu ya ruga neman amalanke. Can ta buɗe ido. Daga inda take kwance ɗakin yana gabanta, rana tana dukan kwanon. Tun da aka gina shi ban taɓa ganin ta tsaya ta kalle shi daga waje ba. Ta kalle shi sosai. Sai ta ce, a gaban mata sun fi goma:

"Kun gani? Munkaila yag gina min shi."

Ba ruɗewa ba ce, Yaya, don bayan haka ta kira ni da sunana ta ce in gyara mata ɗankwali. Ba mu kai likita da ita ba, a hanya ta cika.

Tun Janairu kake tambaya me ta ce. Ga shi na ba ka abinka.

Kawu yana tambaya ko a cire kwanon a sayar. Ya ce shi ba ya iya kallonsa.

Lantana


Gure, 19 ga Mayu

Lantana ƙanwata,

Na isa lafiya, jiki dai. Ya haƙuri? Ki daina cewa laifinki, ke kaɗai kika yi magana a kan lokaci.

Akwai abin da ni ma ban faɗa miki ba. Kwana na uku da zuwana, da azahar, na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na zauna kan gadonta da ma'aunin zafi na lakwal a hannuna. Ya nuna hamsin da ɗaya. Na ce zan zauna har la'asar yadda take yi. Ban kai rabin awa ba na fito. Ita ta yi wata biyu.

Ki ce wa Kawu kada a cire kwanon. Ta ce a bar shi a gan shi, a bar shi. In na zo hutu zan sa zanar daga ciki yadda ta yarda, in fasa bulon sama, in dasa bedi a inda aka sare. Bayan haka duk tsohuwar da ba ta da ɗaki a dangi ta shiga.

Gobe Litinin darasin tafiyar zafi ne a ajina. Na ajiye cokali da ludayi a jaka tun jiya, ban san ko zan iya fito da su ba.

Takardarki tana aljihuna. Na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa a wurin ninki. Ina ganin sunana a rubuce da hannunki, amma na kasa jin sa, don ban san yadda yake a bakinta ba. Saura tambaya ɗaya, daga ita ba zan ƙara damun ki ba. Da ƙarfi ta faɗe shi, ko a hankali?

Yayanki,
Munkaila